An Ɗauke Mishi Alƙalami, To Ita Fa?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili ko da sai ka datse wani wuri, abin ga ya daɗe yana cina a rai kuma na rasa inda zan kai shi. Ni ba lauya ba ne, ba likita ba, malamin firamare ne ni a nan cikin garin Sakkwato, kuma abin da zan faɗa a ƙofar gidanmu ya faru, ba labarin teburin mai shayi ba ne.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya biyar, da tuyar masa take riƙonsu, kullum tun kiran assalatu tana ƙofar gida gaban tanda. Wata safiya cikin hunturun bara ta juya tana miƙa ma wata yarinya canji, sai wani yaron maƙwabta, saurayi ne dai da ya ba ashirin baya, ya zaro itace daga murhu ya kwaɗa mata a fuska. Ba faɗa, ba cacar baki, ko kallon banza bai taɓa haɗa su ba, kai shi wanga yaro masa nawa ya ci kyauta a hannunta in ya zo ya tsaya yana kallon tanda. Ta kare da hannu ya ƙara mata, hannun ya karye, haƙoranta na gaba guda biyu sunka fita, tanda ta kife mai ya zubo mata a ƙafa. Da ba don 'yan kabu-kabun da ke tsaye suna jiran masa sun rufar mishi ba, to da yanzu wata maganar ake yi. Ni ina cikin gida ina alwala na ji kururuwa, da na fito abin da na fara gani shi ne ƙullu ya malale cikin toka ya gauraye da jini, ita kuma tana zaune ƙasa tana lalube da hannu ɗaya tana neman haƙoranta.

Duk unguwa an san yaron ba shi da lafiya. Shekaru ke nan yana fama, wata rana lafiya lau ya gaishe ka har da durƙusawa, wata rana ka gan shi yana magana da bango. Iyayenshi sun yi na gida, sun yi ruƙiyya, sun taɓa sa mishi mari a ɗaki, sun kai shi asibiti ya samu sauƙi sosai har yana zuwa kasuwa dako, sai magani ya ƙare kuɗi babu, aka zauna ana jiran ikon Allah. Wannan ɗin ma abin tausayi ne kuma ban zo nan don in ci mutuncinsu ba, talakawa ne irinmu.

An kai shi caji ofis, daga nan kotu. Ranar farko da munka je alƙali ya dube shi yana ta murmushi shi kaɗai yana ƙirga yatsunshi, ya ce ba za a ci gaba ba sai likita ya duba ƙwaƙwalwarshi ya kawo rahoto, aka ɗaga. Wallahi ban ga laifin alƙali ba a nan, ko ni ne haka zan yi. Munka koma sau uku, Yaya da hannu a saƙale ga ƙafa a naɗe, muna biyan kuɗin keke zuwa da dawowa, kullum magana ɗaya, rahoto bai iso ba, an ɗaga. A duk zuwan nan ba wanda ya ce mata baiwar Allah ya jiki, mi kike so, nawa kika kashe, kina jin tsoro ko ba ki ji. Ashe a irin wagga shari'a ƙarar tsakanin hukuma ce da wanda ake tuhuma, wanda aka fasa ma baki shaida ne kawai, in an buƙace shi a kira shi, in ba a buƙata ba ya zauna benci ya yi shiru. Komawa ta huɗu ma ba a kira ƙarar ba. Na bi ɗan sanda mai gabatar da ƙara har gindin bishiya, ya ce in bar mishi lambata zai kira ni. Har yau wayar ba ta shigo ba.

Bayan kamar wata huɗu Yaya ta ɗan murmure, ta ɗauki bokiti da hannun lafiya ta tafi famfon unguwa. Tana cikin layi ta ɗaga kai sai ga shi tsaye, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku uku ba, da jarka a hannu. Bai ce mata komai ba, wataƙila ma bai tuna ba. Ta saki bokitin ta dawo gida ba takalmi, ta shige ɗaki ta sa sakata, kwana biyu ko tsakar gida sai da rakiyar ɗiyarta. Ba wanda ya sanar da mu an sako shi. Beli anka ba shi ko an kori ƙarar ko an miƙa shi ga danginshi su yi mishi magani, mu dai a bakin famfo munka samu labari. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to mu kunnen ma ba a ba shi haƙƙinshi ba.

Da na fara ɗaga murya sai dattawan unguwa sunka taso mini. Haba malam, kai da iliminka, ai ba a shari'a da mahaukaci, ƙaddara ce, a yi haƙuri, maƙwabtaka ta fi gaban wasa, an ɗauke mishi alƙalami. Wani ma cewa ya yi ai sai ta gode Allah da abin ya tsaya ga haƙori. Na lura da wani abu Malam Edita, a garin nan haƙuri kullum ga wanda anka cuta ake zuwa nemanshi, don shi ne mai sauƙin samu, ba ya buƙatar kowa ya sa hannu aljihu. Mun kashe abin da ya haura dubu 200 tsakanin hoto da ɗori da wankin ƙuna da magunguna, jarin masa ya tafi, buhun shinkafar da ta saya ta tuya an cinye shi a tuwo, yara biyu sun zauna gida zango guda. Wanne daga ciki haƙuri zai biya?

Maganar alƙalamin nan ce ta tsaya mini, sai na tafi zauren malaminmu da muke ɗaukar karatu bayan magariba na ce Allah gafarta malam, don Allah a warware mini, tunda an ɗauke ma mai taɓin hankali alƙalami shi ke nan wanda ya ji ma ciwo ya tashi a tutar babu? Malam ya yi dariya ya ce ɗana mutane rabin karatu suke riƙewa. Hadisin gaskiya ne, mutum uku an ɗauke musu alƙalami, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya samu hankali. Amma abin da anka ɗauke zunubi ne da haddi da ƙisasi, ba haƙƙin bawa ba. Ya jawo Risala, wadda kusan duk wanda ya yi karatun zaure a garin ga ya bi ta kanta, ya nuna mini inda anka ce in mahaukaci ya kashe mutum diyya tana kan danginshi na wajen uba, wato aƙila. Ya ce a Muwaɗɗa ma akwai labarin da Marwan ya rubuta ma Mu'awiya kan wani mahaukaci da ya yi kisa, amsa ta dawo cewa ba ƙisasi a kan mahaukaci. Ba a kashe shi, amma jinin mutum ba ya tafiya banza. Diyyar rai raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinari. Ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙumi 10, haƙori ɗaya raƙumi 5. Ya ce haƙoran yayarka biyu raƙumi 10 ke nan, don a mazhabarmu ta Malikiyya mace da namiji daidai suke a raunuka har sai an kai sulusin diyya, hannu kuwa ba a yanke mishi hukunci sai ya warke an ga yadda ya koma.

Na ce to malam wa zai biya? Nan ne ya yi shiru kaɗan. Ya ce a wurinmu aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya ne zuwa sama, abin da bai kai ba cikin dukiyar wanda ya yi raunin yake. Raƙumi 10 bai kai sulusi ba. Shi kuma yaron nan dukiyarshi a duniya riga biyu ce da jarka. Ya ce amma bashi ne a kanshi, ba ya faɗuwa don talauci, ita kaɗai ke da ikon yafewa, kuma yafiyar da anka matsa ma mutum ya yi don kunya ba ita ce Allah ya yaba ba. Na fito zauren nan da nauyi biyu a zuciya, na farko ashe tun shekaru fiye da dubu malamanmu sun raba laifi da ramuwa, sun ji tausayin marar lafiya ba tare da sun jefar da wanda ya ji ciwo ba, na biyu kuma mu da muke zaune a garin Shehu, jihar da ta ƙaddamar da dokokin laifi na shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, rabin farko kawai muka haddace.

Ɓangaren boko kuma wani tsohon ɗalibina da Allah ya yi ya zama lauya shi ya zaunar da ni. Ya ce tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, a sashe na 51 ta ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata a lokacin da taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi ko sanin cewa ba daidai ba ne, a Kudu kuma sashe na 28 na tasu dokar ke magana a kai. Sashe na 78 na Final Kod ɗin ya ba kotu ikon sa a biya wanda anka cuta, to amma ka lura, wanda anka samu da laifi ne ke biya. Haka dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 319 ta yi maganar biyan wanda anka cuta, jihar Sakkwato ma ta yi irin tata a 2019. Galibi ƙofar biyan nan a jikin hukunci take rataye. In ba a kama mutum da laifi ba saboda rashin lafiya, ko ma ba a iya fara shari'ar ba don ba ya gane abin da ake faɗa, to ƙofar ba ta buɗe ba ke nan. Sai dai ka shigar da ƙarar neman diyya daban, ka ɗauki lauya, ka kai ƙarar wanda bai da ko sisi. Mai tuyar masa ce za ta yi wannan?

Shi ne ya ce mini ai a wasu ƙasashe akwai kotu ta musamman ta masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma akwai masu ganin ya kamata a yi irinta a Najeriya. Na ce to bari in bincika da kaina, na ƙone data ba kaɗan ba a kan wannan. A Amurka abin ya yi ƙarfi, wadda aka fi ambato a matsayin ta farko an buɗe ta 1997 a gundumar Broward ta jihar Florida, ƙarƙashin wata alƙaliya Ginger Lerner-Wren, an kwaikwayo ne daga kotun 'yan ƙwaya da anka fara a Miami 1989. Kanada ma ta buɗe tata a Toronto 1998. Yanzu a Amurka sun haura 300. Yadda suke aiki shi ne, maimakon a jefa marar lafiya gidan yari ya fito ya fi da lalacewa, sai a ce mishi ga zaɓi, in ka yarda ka bi tsarin magani, kana shan abin da likita ya rubuta, kana zuwa asibiti, kana dawowa gaban alƙali lokaci-lokaci yana tambayarka ya ake ciki, to in ka kammala a janye tuhumar ko a sassauta hukunci, in ka karya sharaɗi kuma a tsawata ko a mayar da kai kotun kowa da kowa. Alƙali da mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma da ma'aikatan lafiya duk suna aiki kamar 'yan gida ɗaya. Gaskiya abin ya burge ni, don da yaron unguwarmu ya samu mai bin diddigin maganinshi haka, da watakila har yau Yaya na da haƙoranta.

Amma da na ƙara tonawa sai na ga su ma can ɗin ciwon da ke damunmu ya same su. Amurka ƙasa ce da ta rubuta haƙƙin wanda anka cuta dalla-dalla, dokar tarayyarsu ta 2004 ta ce yana da haƙƙin a kare shi daga wanda ake tuhuma, a sanar da shi ranakun zama da ranar da za a saki mutumin ko in ya tsere, kada a hana shi shiga kotu, a saurare shi lokacin beli da lokacin yanke hukunci, ya gana da lauyan gwamnati, a biya shi asararshi, jihohi kuma kowace da nata tanadin. To sai ga kotun da yawancin shawararta a ɗaki ake yin ta kafin a fito zama, tsakanin alƙali da ma'aikatan lafiya, wanda anka cuta ba ya ciki. In ya tambaya shin mutumin yana shan magani, a ce sirrin marar lafiya ne doka ta hana a faɗa. In kuma an janye tuhuma bayan kammala magani to babu ranar yanke hukunci ke nan, ranar da ya kamata ya tashi ya faɗi abin da ya same shi ta wuce ba ta zo ba, maganar biyan asara ma tana iya bin ruwa in ba tun farko anka sa ta cikin sharuɗɗa ba. Kuma da yawa daga waɗanda anka cutan nan ba baƙi ba ne, uwa ce, mata ce, ƙane ne, maƙwabci ne, mutanen da marar lafiyar zai koma cikinsu ya kwana. Abin da na yaba ma ita kotun Broward, tun farko ƙananan laifuka ta ɗauka, in kuma duka ne sai da yardar wanda anka duka ake shigar da ƙarar cikinta. Ko ba komai an tambaye shi.

Ingila ma sai da jini ya zuba sannan sunka gyara. A watan Disamba 1992 wani marar lafiya Christopher Clunis ya kashe wani bawan Allah Jonathan Zito a tashar jirgin ƙasa a Landan, ba su san juna ba, matar mamacin ta tashi tsaye ta kafa gidauniya tana fafutuka, bincike ya nuna an yi ta sakaci da kula da lafiyar wanda ya yi kisan. Daga baya dokarsu ta 2004 ta ba waɗanda anka yi ma mummunan laifi damar a sanar da su in za a sallami mai laifin daga asibitin ƙwaƙwalwa, kuma su faɗi sharaɗin da suke so a gindaya, misali kada ya tunkare su ko kada ya shiga yankinsu. Ba a ba su fayil ɗin likita, ba a faɗa musu sunan cutar, abin da ya shafi tsaronsu kaɗai ake faɗa musu. Kuma tun 1964 gwamnatinsu ke da asusun biyan wanda anka raunata ta hanyar laifi, daga baitulmali, ko mai laifin yana da kuɗi ko ba shi da shi. Da na karanta wannan sai na tuna malam ya ce wanda ba shi da aƙila baitulmali ne aƙilarshi. Ashe abin namu ne, wasu ke aiki da shi.

Kada wani ya karanta wasiƙar ga ya ce malamin nan so yake a riƙa ɗaure mahaukata. A'a wallahi. Mafi yawan masu wagga lalura ba su taɓa cutar da kowa ba, su ake cuta ma, yara na jifarsu a titi manya na dariya, matan cikinsu kuma mun sha ganin yadda wasu marasa tsoron Allah ke yi musu ciki a bar su da goyo a bakin kasuwa, waɗannan wa ya taɓa shigar musu ƙara? A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, a gidajen mari da wuraren addu'a har da wasu na gwamnati. Ƙasar nan da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta tun 1916 zamanin Turawa, muka yi ta aiki har sai Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba. To wanda ke cikin wannan hali ai ba abokin gaba ba ne. Abin da nake cewa kawai shi ne tausayin da ake mishi kada a cire shi daga aljihun wanda ya raunata.

Wani abu kuma da ke ba ni tsoro, yanzu kowane ɗan ƙwaya in ya yi ta'asa sai danginshi su ce ai ba shi da lafiya, aljanu ne. Mun san yadda kodin da tiramol da sholisho sunka yi ma samarinmu, binciken da anka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. A Risalar nan dai, layi ɗaya da maganar mahaukaci, an ce mashayi in ya yi kisa a kashe shi, don shi ya gusar da hankalinshi da hannunshi. In za a buɗe ƙofar sassauci dole a samu likita na gaskiya a bakinta mai tantancewa, in ba haka ba masu hali za su saye takardar hauka, talaka ya ci duka ya ci haƙuri.

Ni a nawa ɗan tunanin Sakkwato ba sai ta jira Abuja ba, kuma ba sai an gina wani sabon bene an sa mishi suna ba. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware nan kusa kan hanyar Illela, muna da asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo, muna da kotunan majistare da na shari'a, muna da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda dama tana taimakawa wajen maganin masu taɓin hankali. Babban jojin jiha da Girandi Kadi za su iya ware alƙali ɗaya da rana ɗaya a mako don irin waɗannan ƙararraki, likita na zuwa ko yana turo rahoto a kan lokaci. Amma don Allah in za a yi, ranar farko a rubuta lambar wayar wanda anka cuta a bangon fayil, a ɗora ma mutum ɗaya sananne alhakin kiranshi, ba sai ya bi kowa gindin bishiya ba. Kafin a saki mutum a kira shi a ce ranar kaza za a sake shi, ga wanda ya tsaya mishi, ga inda zai zauna, kana da magana? Kiran minti biyu ne fa, katin naira 100 ya isa. A bar shi ya tsaya gaban alƙali ko sau ɗaya ya faɗi abin da ya same shi da bakinshi, ko da wanda ya yi abin ba ya ganewa, don wallahi wani ciwon rashin faɗar ne ke hana shi warkewa. Wanda ya karɓi marar lafiya kuma ya sa hannu gaban mai unguwa cewa zai riƙa kai shi asibiti, in magani ya ƙare ya zo ya faɗa kafin a ji a salansa, kuma wanda anka cuta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya ga alamun ciwon na dawowa, ba sai an sake zubar da jini ba. Ba mu nemi a buɗe mana sirrin kowa ba. Yana ƙarƙashin kulawa ko ba ya ƙarƙashinta, iyakar abin ke nan.

Maganar kuɗi kuma na san nan ne kowa zai sunkuyar da kai. A ƙiyasta asarar a rubuta ko da ba a da abin biya yau, dangi su kawo abin da za su iya a hankali, abin da ya gagara hukumar zakka ko wani asusu na jiha ya cike, ai gwauruwa mai marayu biyar da jarinta ya ƙone ko ba a doke ta ba ta cancanci zakka. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1985 ta fitar da sanarwa cewa in ba a samu biya daga mai laifi ba ya kamata gwamnati ta yi ƙoƙarin biyan wanda ya ji mummunan rauni. 'Yan majalisarmu na jiha masu rabon babura da atamfa lokacin zaɓe, ga aikin lada nan in ana so.

Kwanaki da dare bayan isha'i uwar yaron ta shigo gidanmu, rabonta da gidan tun ranar da abin ya faru, kunya ta hana ta. Ta zo da kwanon shinkafa biyu da naira dubu 5 ƙulle a bakin zane, ta durƙusa tana kuka ta ce Yaya ki yafe muna, wallahi ni ma ban barci, da taɓarya nake tokare ƙofar ɗakina in zan kwanta. Ashe ita ma ya taɓa shaƙe ta, ta ɓoye don kada a ce ta tona asirin ɗanta. Yaya ta karɓi shinkafar, ta mayar mata da kuɗin ta ce Inna je ki saya mishi magani da su. Ni ina bakin ƙofa ina kallon mata biyu, wadda ya fasa ma baki da wadda ta haife shi, suna yin aikin da kotu da 'yan sanda da dattawan unguwa sunka kasa, da dubu 5. Maganin wata nawa za ta saya?

Yaya ta koma tuya, da jarin da na ranto mata a adashin makaranta, amma yanzu cikin zaure take kafa tanda bayanta jikin bango fuskarta na kallon ƙofa, ciniki ya ragu don masu wucewa ba su ganinta, hannun kuma in sanyi ya shigo sai ɗiyarta ta karɓe ta juyi. In za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Famfo kuwa ta bar zuwa, 'yan garuwa take saye. Duk ranar da ta ji muryarshi ta bayan katanga sai ta aiko a kira ni ta ce ƙanena, ka ji ko yana shan maganin? Sai in ce mata zan tambaya, alhali ban san wa zan tambaya ba.

Na gode Malam Edita, Allah shi ƙara ma jarida albarka.

Naka,
Wani malamin firamare,
daga cikin garin Sakkwato.